Sifikar da Ba Ta Ɓoye Tari

A kasuwar Yendi, wata tsohuwa ta tsaya a rumfar Muniru mai gyaran rediyo, ta kwance kaset daga ƙyalle.

"Sifika nake so, ɗana. Gwada mini da wannan."

Muniru ya jona babbar. Muryar wani dattijo mai karatun Alƙur'ani ta cika rumfar.

"Mma, kin ji daɗi ko?"

"Daɗi kam akwai, amma wannan ba maigidana ba ne. Sa ƙaramar."

"Waccan ba ta ɓoye komai. Ko tari sai ta fito da shi."

"Sa dai."

Muryar ta fito siririya, da kaushi. Can dattijon ya tsaya, ya yi tari sau biyu.

Tsohuwar ta zauna a benci.

"Ga shi nan, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin ina yi masa faɗa kan tarin nan. Mayar baya, ɗana."