Na Ƙetare da Ɗana Ruwa, Giya Ta Riga Shi Isa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu a ƙasar da ba tamu ba. Matan zumunta, da ku 'ya'yana, salamarsa ta zauna da ku.

Sunana Laraba, amma a unguwarmu ta Ard al-Liwa Kaka ake ce mini. Ban taɓa shiga aji ba. Ina faɗa ne 'yata Rifkatu tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki. Ita ta kawo ni Masar in riƙe mata yara, don gidan da take aiki ba sa sakinta sai ƙarshen mako. Daga baya ƙanenta Bitrus ya biyo mu. Shi ne autana, a kansa kuma zan yi shaida.

Bitrus ya zo garin nan da ƙarfinsa. Tukunyar gas yake saɓawa a kafaɗa ya hau bene da ita yana waƙa. Ana nan, ana nan, sai ya yi abokai a unguwar Arba wa Nus, inda ake dafa giyar araƙi da dabino a ɓoye, a ɗura a robar ruwa. Fari tas, ka ce ruwan sha ne. Tun yana dawowa yana tauna kanumfari don kada in ji wari, har ya daina wahalar da kansa. Na yi faɗa. Na yi kuka. Na yi azumi har zanina ya ƙi zama a ƙugu. Shiru.

To, a garinmu akwai abin da na taso na tarar. Idan ciwo ya ƙi jin magani, ko wani abu ya manne wa mutum, sai a goya shi a ƙetare kogi da shi, a bar shi wajen dangi a can hayi. Tsofaffinmu sun ce abin da ke bin mutum ba ya haye ruwa. An yi mini baftisma tun ina budurwa, amma wannan magana tana kwance a cikina, ban taɓa tashinta na dube ta ba.

Sai ga maƙwabcinmu Ammu Girgis, mai dafa abinci, ya dawo hutu daga wata ƙasa da ake kira Seshel. Ya ce 'yan tsibirai ne a tsakiyar teku, Turawa na zuwa shan iska, kuma ana neman mai ƙarfi a sito. Na ce, "Ruwa ta ko'ina?" Ya ce, "Ta ko'ina, ya Hajja." Haka yake kirana, ko da ya san ni Kirista ce irinsa.

Rifkatu ta ce, "Mama, teku fa ba kogin garinmu ba ne."

Na ce, "Ya fi shi girma ko bai fi ba?"

Ta ce, "Ya fi."

Na ce, "To, khalas, magana ta ƙare."

Ni na matsa sai Bitrus ya tafi. Ni na tsaya a gabanku na ce Ubangiji ya buɗe hanya, kuka tafa mini. Ranar da jirginsa ya tashi na yi rawa a tsakar ɗaki.

Kwanci tashi, wata rana da tsakar rana ya kira mu a wayar da ake ganin fuska. Bayansa kwalaye ne jere, tun daga ƙasa har rufi. Na ce, "Auta, sabulu kuke sayarwa haka?"

Ya yi dariya, dariyar da ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce, "Giya ce, Mama. Har ƙarshen ɗakin nan."

"Wa ya kawo ta?"

"Jirgin ruwa."

"Ta cikin ruwan?"

"Ta ciki, Mama. Ta fi ni sanin hanya."

Wayyo ni! Ashe siton da na tura ɗana, shi ke raba wa otal-otal abin sha. Ya ce ƙasar ƙarama ce, kusan komai jirgi ke kawowa. Idan jirgi ya makara, albasa ta yanke a kanti, garin fulawa ya yanke, amma giya ba ta yankewa, don ita ake tarawa tun da wuri saboda baƙi. Kuma a sitonsu akwai al'ada: kwalin da ya jiƙe, ko kwalba ɗaya ta fashe a ciki, ba a kai wa otal, na masu dako ne. Ya ce, "Mama, kwali ba ya wuyar jiƙewa a hannun mai ƙishi." Ranar da ba a samu ba, ga ta mutanen gari, ta rake da ta kwakwa, a bayan gidaje.

Daga nan kira ya fara nisa. Idan ya kira, sai ya kau da fuska. Rannan na ce ya dube ni. Farin idonsa ya koma kamar gwaiduwar ƙwai.

Na ɗauki wankin yara na hau rufin bene, na shanya riga ɗaya, na ajiye sauran. Na durƙusa a simintin nan mai zafi na ce, "Ubangiji, na daɗe ina nuna maka hanya kamar kai baƙo ne. Dabarata ta ƙare. Ba ni da sauran inda zan kai shi. Naka ne. In za ka ɗauke shi, ɗauke shi, amma kada ya zo gabanka a buge." Ban ji murya ba, 'yan'uwa, ban ga haske ba. Tantabarun maƙwabta kawai ke yawo. Amma na sauko da sauƙi a ƙirjina.

Ba a daɗe ba Bitrus ya faɗi a bakin aiki. Ammu Girgis, Allah ya saka masa, shi ya tsaya har aka sa shi a jirgi. A keken marasa lafiya aka turo mini shi. Hannaye kamar kara, ciki ya yi gaba. Na wuce shi ina neman ɗana, sai da ya ce, "Mama." Likita ya ce hanta ta ƙone, abin da ya ƙone kuma ba ya dawowa.

Yanzu ku ji abin da Yesu ya yi.

Wani tsohon abokinsa, Sande, ya zo gaisuwa da robar ruwa a leda. Na san robar. Dā da tsintsiya zan kore shi. Ranar na tsaya a bakin ƙofa, cikina yana kiran Yesu. Bitrus ya karɓa. Ya buɗe. Ya shinshina. Ya daɗe, ya daɗe, sannan ya rufe ya miƙa masa.

Sande ya ce, "Iye! Ka sha ta Turawa, ka raina tamu?"

Ya ce, "Ta Turawan ce ta yi mini cikin nan, saura kaɗan in haihu. Mayar wa mai ita, ka ce Bitrus ya ƙoshi."

Haleluya! Tun daga ranar bai sa a baki ba.

Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Ubangiji ba, ɗana bai warke ba. Har yanzu muna hawa mikrobas, 'yar motar hayar nan, mu kai shi a zuƙe masa ruwan ciki, kuma likita ba ya kallon idona idan na tambaye shi gaba. Wataƙila ni zan binne shi, a ƙasar mutane. Amma abin da na roƙa an ba ni: yana cikin hankalinsa, ya san ni, ya san Mai Cetonsa.

Ku iyaye masu irin kukana, ku kai wa Yesu tun yau, kada ku tsaya sai ƙarfinku ya ƙare kamar nawa. Ku dogara gare shi ko amsar ta zo rabi. Ku sa Bitrus a addu'a, da 'ya'yan mutane da ya baro a siton nan suna dako.

Na gode wa Ubangiji. Yau da safe, kafin in fito, ya ce in dama masa kunun tsamiya. Ya shanye, ya miƙo mini kofin ya ce ko da saura. Amin.