Dutsen Kwalli a Bayan Gonar Inna

AUTA: Salamu alaikum. Inna, kina ji na?

INNA: Wa alaikumus salam. Auta ce? Ya gida, ya yaran?

AUTA: Lafiya lau. Ya ƙafar taki?

INNA: Da sauƙi. Jiya ma har bayan gona na taka.

AUTA: Ke da ko rijiya ba kya iya zuwa?

INNA: Baƙi na yi, wai masu rubuta tarihin gunduma. Sun ce duk ƙasar nan babu wanda ya kai ni shekaru.

AUTA: Me suka tambaye ki?

INNA: Wa ya fara saran dajin nan, gida nawa na tarar da aka kawo ni, ta ina rafi yake bi a da. Halo?

AUTA: Ina ji, muryar ce ke yankewa. Sai me?

INNA: Sai ɗayan ya ƙura min ido, wai a ina nake sayen kwalli. Na ce saye? Tun muna amare dutsen bayan gonar babanku muke ɓalla mu niƙa.

AUTA: Kika kai su?

INNA: Na kai su. Suka fito da guduma, suka cika buhu.

AUTA: Inna, mai rubuta tarihi da guduma yake yawo?

INNA: Ni ma abin ya tsaya min a rai. Ko sunan kakanku ba su tambaya ba. Yau kuma aka wayi gari an zagaye gonar da turaku masu jan fenti.

AUTA: Gonar za su raba ki da ita. Bari baban yara ya dawo daga tafiya, in sa shi ya ga mai gari.

INNA: Wace tafiya?

AUTA: Ya je dubo yayansa a asibiti.

INNA: Ai shi ya kawo su. Shi ya riƙe min hannu muka hau dutsen. Ya ce ke kika turo shi.

AUTA: Ni?

INNA: Tun ɗazu nake auna maganarki, in ji ko da saninki.

AUTA: Wallahi ban sani ba. Yana ina yanzu?

INNA: Yana zaure yana cin abinci. In miƙa masa wayar?

AUTA: A'a. Ki ƙara masa abincin, kada ki ce na kira. Ga ni nan tafe.