Kiran Salla a Kunnen Na'ima

A keken da ya nufi Arkilla, wata mata ta ƙura wa kunnen jikar wani dattijo ido.

"Baba, mine ne wanga abu a bayan kunnenta?"

"Ɗiyata, sabon kunnen jikata Na'ima ne. Kurma anka haife ta. Kwanan baya likita ya zura siririn bututu mai kyamara, shina kallon cikin kunnen a talabijin, ya dasa mata na'ura. Yau anka kunna."

"Allahu akbar! Sai a sayo mata rediyo!"

"Rediyo tukuna. Ran da anka haife ta ni na yi mata kiran salla a kunne, ashe ni kaɗai na ji abina." Ya yi dariya, ya gyara murya. "Mai keke, bar hon ɗin nan. Yanzu za ni sake."