Kaset Ɗin Maigida

A bencin shagon mai gyaran bidiyo, wata mata tana riƙe da tsohon kaset. Wani dattijo mai gemu baƙi wuluk ya leƙo ya ga hoton da ke jikin kaset ɗin.

"Ikon Allah! Baiwar Allah, ashe fim ɗin nan yana nan? Na mutumin da ya kai hamsin ya sayi tsohon rediyo, da ya kunna sai budurwarsa ta ƙuruciya ta fito daga ciki?"

Ta ƙara ƙanƙame kaset ɗin, ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai ma cikinsu kake ke nan."

"Cikin su wa? Ai yanzu ba a yin irinsa. Waƙar nan da suke yi a saman bene, har gobe in na tuna sai idona ya kawo ruwa."

"A nan ya tsinke. Kullum nan maigidana yake mayarwa, ban taɓa ganin ƙarshen ba. Yanzu ya fi ni daɗewa gaban madubi, ga turare kamar an yi ɓari."

"Ki kwantar da hankalinki. A ƙarshe fasa rediyon yake yi, ya koma wurin matarsa."

"Ka tabbata, ko rufa wa ɗan'uwanka asiri kake?"

"Haka dai na ji ana faɗa."

"Ana faɗa? Ba ka kalla ba?"

"Kallo kam ba adadi. Sai dai in an zo waƙar nan…" Ya sosa gemu, rini ya biyo yatsunsa.

Ta ja jiki zuwa ƙarshen benci, ta ɗaga murya.

"Mai gyara! Wurin waƙar nan bar shi a tsinke. Ƙarshen kawai za ka haɗa min."