Albarkar Inna Ta Tafi Faransa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Haruna tela daga unguwar Bukoki. Don Allah ka karanta wasiƙata duka, kada ka rage komai.

Innarmu na fama da hawan jini. Ni ke goya ta a moto zuwa likita, ni ke bin layin farmasi. Bara sai yayana Salisu da ke Faransa ya aiko da injin awon jini, ya haɗa ta da wata lokotoro mai duba ta ta kiran bidiyo. Ba zan yi ƙarya ba, Inna ta samu sauƙi. Amma wa ke ɗaura mata injin a dantse? Wa ya koyi karanta lambobin shi kaɗai, alhali bai yi lakwal ba, wato makarantar boko? Wa ke fassara mata faransancin lokotoro? Ni!

Ran Juma'a maƙwabta sun cika ɗaki, Salisu ya kira. Inna ta ce, "Ɗana, kai ka tashe ni, Allah ya yi maka albarka." Har da tofa addu'a a gilashin waya. Ni da ke riƙe da wayar kuwa, cewa ta yi, "Haruna, ɗaga sama mana, ba na ganin shi."

Wallahi kishi nake, na faɗa! Masu sauraro, ku ba ni shawara: in yi mata magana, ko in ci gaba da ɗagawa? Ita ma ba ta rasa wannan shiri. Inna, ɗanki na Bukoki na gaishe ki.