Mai Rai Nake Ɗauka

Auta: Salamu alaikum. Mama, kina ji na?

Mama: Wa alaikumus salam. Ina jin ki, Auta.

Auta: Ina wuni, Mama?

Mama: Lafiya lau. Ya aiki? Ya masu ɗibar jinin mutane?

Auta: Duk muna lafiya. Ya shago? Ya ciniki?

Mama: Da godiya. Jiya wata ta zo tana taya min bokiti kamar a bola na tsinto shi. Na ce ta ajiye, ta je ta ɗebi ruwa da tafin hannu.

Auta: Ke dai Mama. Ya Kaka da jiki?

Mama: Kakarki tana nan. Ɓarin da ya shanye yana nan yadda kika bar shi, bakin kuma lafiyarsa ƙalau. Yau da safe ta ce shayina ruwan wanke kofi ne, kuma ta shanye shi tas.

Auta: Ya yayana, ya kira ki?

Mama: Ya kira ranar Asabar. Duk suna lafiya. Ke kuma yau kira da tsakar rana? Ba kya wurin aiki ne?

Auta: Ina wurin aiki. Na fito baranda ne. Mama, ya bayanki?

Mama: Bayina? Ni ina na ga bayi?

Auta: Bayanki na ce. Gadon bayanki.

Mama: Layin nan ba kyau.

Auta: Layi lafiyarsa ƙalau. Jiya na yi waya da matar tela.

Mama: To. Ita nake bar wa kakarki in zan fita. Ashe rediyo nake bari a ɗaki.

Auta: Ta ce wata huɗu da suka wuce kin zo ɗaga Kaka daga gado, bayanki ya riƙe, kuka zube ƙasa ku biyu. Ta ce kun fi awa ɗaya a kwance kafin ta ji kiran Kaka ta katanga.

Mama: Ba mu kai awa ba.

Auta: Ashe gaskiya ne.

Mama: Mun ɗan kwanta, mun yi hira. Tun da na auri babanku ban taɓa doguwar hira da uwarsa irin ta ranar ba.

Auta: Ba abin wasa ba ne, Mama. Shekara shida Baba ne ke ɗaga ta. Tun da ya rasu ke kaɗai ce, safe da rana da yamma. Ni na rubuta takarda.

Mama: Takardar me?

Auta: Ta barin aiki. Tana cikin jakata. Shugabar sashenmu na dawowa daga taro zan miƙa mata, ƙarshen wata in dawo gida.

Mama: Aikin da kika yi shekara biyu kina zarya kafin ki samu?

Auta: Aiki ana samun wani. Baya kuwa ɗaya ne.

Mama: Wannan maganar Malamar ƙarfe ta riga ki faɗa min, kuma ita ba ta bar aikinta ba.

Auta: Malamar me?

Mama: Rediyon ba ta ba ki wannan labarin ba? Ai sai mugun labari take watsawa. Ina zuwa ɗaga ƙarfe.

Auta: Kina zuwa ina, da ƙarfe nawa?

Mama: Hamsin.

Auta: Mama, agogo ba shi da ƙarfe hamsin.

Mama: Ba na agogo ba. Ƙarfen da ake ɗagawa. Kilo hamsin na ɗaga shekaranjiya, sau uku. Zuwa kuma ƙarfe goma nake zuwa, Litinin da Alhamis.

Auta: Tsaya. Ke ce kike zuwa wurin da samari ke kumbura ƙirji?

Mama: Wurin nan na bayan gidan mai, saman shagon taya. Da hantsi duk ƙartin sun tafi aiki, matar mai wurin ce ke koya wa mata. Mu biyar ne. Ni ce babba, kuma ni ce ba na kuka.

Auta: Da ciwon bayan kika hau bene kika ɗauki ƙarfe? Ƙafarki tana yin sanyi ko tsami? Kina jin kamar ana tsira miki allura har yatsu?

Mama: Duk likita ya yi min waɗannan tambayoyin. Na je, kada ki ɗauka ban je ba. Ya danna nan, ya ɗaga can, ya ce nama ne ya ja, ba ƙashi ba, ba jijiya ba. Ya ce in huta, in daina ɗaukar nauyi. Na ce masa nauyin nan uwar mijina ce, sau shida take sauka daga gado a yini, ko zai zo ya riƙa ɗauka? Can ya ce to, in ciwon ya lafa in nemi wanda zai koya min ɗauka. Na huta mako biyu, matar tela da ƙanwarta suka riƙa kama min, sannan na hau benen.

Auta: Kuma suka karɓe ki?

Mama: Da ƙyar na karɓe su dai. Malamar ta faɗi kuɗin wata, na ce na me da me? Ta nuna min keken da ba ya zuwa ko'ina, da injin gudu, da madubi bango guda. Na ce keke ba na hawa, gudu ba wanda ya biyo ni, madubi kuma na san fuskata. Sanda ɗaya nake so da faifan ƙarfenta, a cire min kuɗin sauran. Ta ce ba a taɓa yi ba. Na juya na fara sauka. A mataki na huɗu ta kira ni.

Auta: Har a nan ma sai da kika yi ciniki.

Mama: Rabi na biya. Abin da take koya min wai sunansa dedlif. Na ce me ke nan? Ta ce ɗaukar mataccen nauyi daga ƙasa, wanda ba ya taimakon mai ɗaukarsa. Na ce Malama, ni mai rai nake ɗauka, har da zagi. Ta ce in na iya da wanda ba ya motsi, sai mu koma kan mai zagin.

Auta: To me ta ce kina yi ba daidai ba?

Mama: Komai. Ranar farko ko ƙarfe ba ta bar ni na taɓa ba. Ta ajiye bokiti ta ce in ɗauka yadda na saba. Na sunkuya na fizgo. Ta ce shekara nawa ina haka? Na ce tun kafin a haife ta. Ta ce ai kuwa bayan nan ya yi haƙuri da ni. Wai ina tsayawa nesa da kaya, in lanƙwasa baya kamar ƙugiya, in bar cinya da ɗuwawu suna hutu. Sai ta ɗauko sandar goge ƙasa ta ɗora min a baya, ta ce wuri uku za ta taɓa, ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙugu. In ɗaya ya rabu da sandar, na karya. Mako guda ni da sandar nan.

Auta: Ban ji ba, me ya karye?

Mama: Ba abin da ya karye. Ki saurara da kyau, kuɗinki ne ke tafiya. Ta ce in tura ɗuwawu baya kamar zan rufe ƙofa da shi hannuna riƙe da tire. Sandar ƙarfen kuma ta tsaya saman tsakiyar ƙafa, tana gogar ƙwauri. Har tabo gare ni. Kafin in ɗaga, in ja numfashi in cika ciki, in ɗaure shi kamar wani zai kai min naushi. Kuma ba a fizga. Sai na ja a hankali na ji nauyin ya zauna a hannuna, sannan in taka ƙasa kamar zan tura ta ƙarƙashi. Ƙafa ke ɗagawa. Hannu igiya ce kawai.

Auta: Mama, kin haddace kamar karatu.

Mama: Abin da na biya kuɗi ba na mantawa. Da sandar ƙarfen kaɗai na fara, a kan bulo, don kada in sunkuya da yawa. Duk mako ta ƙara ɗan faifai kamar murfin kofi. Na ce ta ƙara manya mu gama da wuri. Ta ce ranar da bayana ya lanƙwashe ko kaɗan, ranar za ta rage. Sau biyu ta rage min. Na yi fushi, ba ta kula ni ba. Ita kaɗai ce na kasa ci da ciniki.

Auta: Amma Kaka ba sanda ba ce.

Mama: Shi ya sa na kawo Malamar gida. Ta duba ɗakin ta ce gadon ya yi ƙasa, kafinta ya ƙara masa ƙafa. Ta ce in daina murɗa ƙugu da mutum a hannu, in juya da ƙafafuna. Kakarki kilo arba'in da huɗu ce, mun auna ta a sikelin shagon taya, kuma ƙafarta mai lafiya tana ɗaukar rabonta. Tsaya, ga ta tana kira. Na'am, Iya, ina zuwa. Lokacin fitarta baranda ya yi. Kada ki kashe, zan sa ki a sifika in ajiye ki kan taga. Ki ji da kunnenki.

Auta: Mama, ki kira matar tela ta kama miki.

Mama: Ki yi shiru ki ji. Iya, ga Auta a waya.

Kaka: Wace Auta? Mai gudun wanke-wanke?

Auta: Ni ce, Kaka. Ina wuni? Ya jiki?

Kaka: Jiki ya tafi ya bar ni da uwarki.

Mama: Na matso da kujera mai taya jikin gado, na taka birki. Na cire takalmi. Iya, zauna bakin gado, sauko da ƙafar. Ga zanen na ɗaura miki a ƙugu, shi zan riƙe. Hannunki a kafaɗata, ba a wuyana ba.

Kaka: Na sani. Kullum sai kin faɗa.

Mama: Kullum sai kin shaƙe ni. Gwiwata na jikin taki. In na ce uku ki taka. Ɗaya, biyu, uku. Yauwa. Juya da ni, taki kaɗan. Zauna a hankali. Shi ke nan.

Auta: Har kun gama? Ban ji ko nishi ba.

Kaka: Da can ne ake nishi. Da fizgata take yi kamar buhun gawayi, ita ta yi ƙara, ni in yi ƙara. Yanzu irin ɗaukar ubanki take min. Shi ma haka yake matsowa, ya turo ɗuwawu baya kamar agwagwa, ya ja numfashi.

Mama: Shekara shida ina yi masa dariyar agwagwar nan. Bai taɓa ce min komai ba. Sai da na biya kuɗi aka koya min abin da nake kallo kyauta a ɗakina.

Auta: Allah ya jiƙan Baba.

Mama: Amin. Iya, jikarki wai za ta bar aiki ta dawo ta riƙa ɗaga ki.

Kaka: Wa? Da hannun nan nata kamar tsinken tsintsiya? Ta zauna inda take. Na faɗi sau ɗaya, ya ishe ni.

Mama: Kin dai ji. Na cire ki daga sifika. In kin dawo, Auta, mutum biyu zan riƙa ɗauka, ita da ke.

Auta: To ni ma ina da sharaɗi. Ranar wanka ta fi wuya, ga ruwa ga santsi. A samo mace ta riƙa kama miki kwana uku a mako. Ni zan ɗauki nauyinta.

Mama: Kwana ɗaya.

Auta: Uku.

Mama: Gidan nan ba tasha ba ce. Ɗaya, kuma ni zan zaɓe ta.

Auta: Biyu, ki zaɓe ta. Kuma ba za ki ƙara faifai ba sai Malamar ta ce. Kuma in bayan ya sake ko motsi, daga bakinki zan ji, ba daga rediyo ba.

Mama: Ji yarinya. A ina kika koyi ciniki?

Auta: A shagon bokiti. Mama, kamfanin waya sun ce saura min minti ɗaya, ga shugabar tamu can ta taho.

Mama: To fito da takardar ki yaga in ji.

Auta: Kin yarda da biyun?

Mama: Yaga tukuna.

Auta: Na yaga.

Mama: Ban ji komai ba. Matso da ita bakin wayar.

Auta: Ga shi. Kin ji?

Mama: Na ji. Ƙara, kada ki je ki liƙe ta da gam.

Auta: Ta zama huɗu. Yanzu ki ce min kin yarda da kwana bi...

Mama: Auta? Kina ji na? Kuɗinta ya ƙare, Iya. Ba mu rufe ciniki ba, kwana ɗaya ke nan.

Kaka: Biyu na ji. Tura ni baranda.