Tambayar da mahaifiyata ta yi min a kan ƙodar yayana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Nasiru, ɗan Kano, ina ɗinki a unguwar Satwa, nan Dubai.

Bara yayana Auwalu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa a Jebel Ali. Kwanansa uku a asibiti, likita ya ce min ƙwaƙwalwarsa ta mutu, na'ura ce kawai ke riƙe da numfashinsa. Sai ya tambaye ni ko za mu yarda a dasa wa wasu marasa lafiya ƙodarsa da hantarsa. Ya ce dokar ƙasar nan ta yarda da hakan, ta kuma hana sayarwa, amma tunda bai bar wasiyya ba, sai dangi sun amince.

Na kira mahaifiyarmu a Kano, ina zaton nan take za ta ce a'a. Sai ta ce, "Nasiru, shi me ya ce maka?"

Wallahi shekara shida muna ɗaki ɗaya, ba mu taɓa wannan maganar ba.

Ta ce, "To jikinsa ne. Ba zan yi kyauta da abin da bai ba ni ba."

Haka aka yi masa sutura. Ban ga laifinta ba, amma har yau ina tunanin masu jiran ƙodar nan.

Don Allah malamai su yi mana bayanin hukuncin wannan abu, domin ina so in gaya wa matata nawa ra'ayin tun ina da bakin magana. Allah ya jiƙan Yaya Auwalu.